Daga Ƙwaƙwalen Tumaki Zuwa Zullumin Ɓera

Tun 1955 masana ke zargin akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ke tada jiki tsaye idan an shiga uku, amma ya ƙi kamuwa. Sai a 1981 Wylie Vale da abokan aikinsa a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya suka tace shi daga ƙwaƙwalen tumaki kusan dubu 500. CRF ake kiransa, gajeriyar sarƙa ce mai amino asid 41. Shekara guda bayan haka Kazuhiko Tatemoto ya ciro wani sinadarin daban, NPY, daga ƙwaƙwalwar alade a Stockholm. Gwaji ya nuna CRF na firgita dabba, NPY kuma na kwantar mata da hankali.

To yaya ake auna zullumin ɓera, tunda ba baki gare shi ba? Ana ɗora shi kan wani dandamali mai rassa huɗu da ke sama da ƙasa, biyu masu bango, biyu a buɗe. Mai fargaba yakan lafe cikin masu bango, mai natsuwa ya fito yawo.

A 1998 masu bincike a Munich da Salk, kowa da nasa aikin, suka samar da ɓerayen da ba su da makarɓin CRF na farko, wato kwaɗon da wannan mabuɗi ke buɗewa. Ɓerayen suka rage ɗari-ɗari. Kamfanonin magani suka zuba kuɗi wajen haɗa ƙwayoyin da za su toshe makarɓin. Da aka gwada ɗaya daga cikinsu, pexacerfont, a kan masu fama da matsananciyar damuwa, bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Verucerfont ma haka ya kasa taimaka wa matan da tashin hankalin da suka gani ke addabarsu, kamar yadda aka bayyana a 2017. Abin da ciwo, domin marasa lafiya ne ke jira.

A ganina aikin da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ya fito daga Munich a 2011. Sun cire makarɓin daga rukunin ƙwayoyin jijiya ɗaya kaɗai, suka bar saura. Da aka cire shi daga masu aiki da sinadarin gulutamet, fargaba ta ragu. Da aka cire shi daga masu dofamin, sai ta ƙaru. Ashe sinadari ɗaya na tsoratarwa a nan yana kwantarwa a can, kuma maganin da aka haɗiya ba ya zaɓen inda zai sauka.

Daga nan tambaya ta koma kan wace jijiya ce, a wane lungu. A 2022 ɗakin binciken Kay Tye a Salk ya nuna cewa wani sinadari mai suna neurotensin da ke isa amigdala, cibiyar koyon tsoro, yana da hannu wajen yanke ko ɓera zai riƙe wani sauti a matsayin albishir ko gargaɗi.