Suratul Ikhlas: Tarihin Ƙulhuwa Daga Makka Zuwa Bakin Allo

Suratul Ikhlas, wadda Hausawa suka fi sani da Ƙulhuwa, ita ce sura ta 112 a jerin surorin Alƙur'ani, kuma ayoyinta 4 ne kacal. Duk da gajartarta, a cikinta aka tattara jigon tauhidi: Allah ɗaya ne, kowa na bukatarsa shi kuwa ba ya bukatar kowa, ba shi da ɗa, ba shi da mahaifi, ba shi da tamka.

Mafi yawan malamai na cewa a Makka ta sauka. Tirmizi da Ahmad sun ruwaito daga Ubayyu ɗan Ka'abu cewa mushirikai ne suka nemi Annabi (SAW) ya faɗa musu nasabar Ubangijinsa. Tambayar ba ta zo da mamaki ba, domin a wurin Balaraben wancan zamani darajar mutum tana ga dangantakarsa, gumakan da ke kewaye da Ka'aba ma kowanne da kabilar da ke ji da shi. Surar ta rushe tambayar tun daga tushe.

Sahabbai sun riƙe ta hannu bibbiyu. Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa tana daidai da sulusin Alƙur'ani. A wata ruwayar Nana A'isha, wani jagoran rundunar yaƙi ba ya rufe karatun sallarsa sai da ita. Da aka kai maganarsa gaban Annabi, mutumin ya ce yana son ta ne don siffar Mai Rahama ce, aka aika masa da bushara cewa Allah na son sa.

A zamanin Umayyawa surar ta hau bango da kuɗi. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina Kubbatus Sakhra a Kudus a shekara ta 72 bayan Hijira, wajen 692 Miladiyya, aka rubuta surar cikin adon ginin, a birnin da Kiristoci ke da rinjaye a lokacin. A shekara ta 77 ya fito da sabon dinari na zinariya wanda babu hoton kowa a kai, sai rubutu zalla, ciki har da kalmomin wannan sura. Kafin zamaninsa mafi yawan kuɗin zinariyar da ke yawo a kasuwannin Sham na Rumawa ne, masu hoton sarkinsu da alamar gicciye. Ba ƙaramar dabarar mulki ba ce: duk wanda ya karɓi kuɗin ciniki, aƙidar daula ce ya riƙe a tafin hannunsa.

Sai dai abin da ya fi ba surar gindin zama shi ne maimaici. Ana karanta ta a raka'atal fajri tare da Kafiruna, da raka'o'i biyu na bayan ɗawafi. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Zinder, ta koyar da haɗa ta da Falaƙi da Nasi a wutiri. Lokacin kwanciya kuwa, Annabi kan haɗa tafukansa, ya karanta surorin uku, ya tofa, ya shafe jikinsa, sau uku.

A makarantar allo, bayan Fatiha da Nasi da Falaƙi, ita ce ta huɗu da malam ke rubuta wa kolo da tawada, kuma yaro kan haddace ta da ka tun bai gama babbaƙu ba. Ita ce kuma mafakar mai ƙaramin karatu idan aka tura shi gaba ya ja salla. A zaman makoki an saba jin a ce a yi wa mamaci Ƙulhuwa ƙafa 11, al'adar da wasu malamai ke suka don raunin hadisin da aka dogara da shi, wasu kuma ke ganin babu laifi.