Kanada da Makarantun Matuƙa Jiragen Yaƙi, 1939 zuwa 1945

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumbar 1939, mahukuntan Birtaniya sun san ƙera jirgin sama bai kai samar da matuƙinsa wuya ba. Masana'anta na iya fitar da jirgi cikin 'yan makonni, amma saurayin da bai taɓa barin ƙasa ba sai an yi watanni ana fama da shi. Tsibirin nasu kuwa bai dace da wannan aiki ba: ƙasa ce ƙarama, hazo da ruwan sama ba sa ɗaukewa, kuma babu lungun da jiragen Jamus ba za su iya kaiwa ba. Sai ido ya koma kan Kanada, mai fili fetal da sararin sama da babu abokin gaba a cikinsa, ga kuma Amurka a maƙwabtaka da masana'antunta.

Jakadun Kanada da Ostireliya a Landan, Vincent Massey da Stanley Bruce, suna cikin waɗanda suka tura shawarar horar da matuƙa a Kanada gaba. A ƙarshen Satumba Firayim Minista Neville Chamberlain ya aika wa takwarorinsa da saƙo, a Oktoba kuma tawaga ƙarƙashin Lord Riverdale ta sauka Ottawa. Ciniki aka yi mai zafi, har makonni. Firayim Ministan Kanada, Mackenzie King, mutum ne mai lissafi. Bai manta yadda dokar tilasta shiga soja ta 1917 ta raba kan masu jin Ingilishi da masu jin Faransanci a ƙasarsa ba, don haka shirin da zai ba Kanada babban matsayi a yaƙin ba tare da tura ɗimbin sojojin ƙasa ba ya yi masa daidai. Amma ya kafe a kan abu biyu: kuɗin da kowa zai biya, da kuma cewa rundunar sojan sama ta Kanada ce za ta riƙe ragamar makarantun. An sa hannu kan yarjejeniya ranar 17 ga Disamba 1939, wadda ta yi daidai da ranar cikarsa shekara 65. Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan su ne ƙasashen yarjejeniyar.

Rundunar da aka ɗora wa wannan kaya ba ta wuce mutum 4,000 da 'yan kai ba, kuma yawancin jiragenta sun tsufa. Ma'aikatar sufuri ta C. D. Howe ta bazama neman filaye, aka share gonaki da dazuzzuka daga Tekun Atlantika har Tekun Fasifik, musamman a shimfiɗaɗɗun lardunan Manitoba da Saskatchewan da Alberta. Ana shimfiɗa titunan sauka uku a haɗe kamar alwatika, domin ko ta ina iska ta kaɗo ɗalibi ya sami titin da zai fuskance ta. An soma karatu a ƙarshen Afrilun 1940. Ba a daɗe ba Faransa ta faɗi, Birtaniya ta dakatar da aiko jiragen koyo da ta yi alkawari, dole Kanada ta shiga ƙera jirgin Anson da kanta da injin Amurka. Maimakon a rage gudu sai aka ƙara, aka buɗe makarantu kafin lokacin da aka tsara musu. A ƙarshen 1943 akwai makarantu 107 a wurare 231, da ma'aikata fiye da 100,000, ana yaye kimanin mutum 3,000 kowane wata. Kuɗin shirin ya kai dalar Kanada biliyan 2.2, Kanada ta biya wajen biliyan 1.6.

Saurayi yakan fara da sansanin karɓar kurata. Na Toronto a filin baje koli yake, inda a da ake ajiye dabbobin nuni. Daga nan sai makarantar share fage, inda ake lissafi da karatun taswira, a kuma sa shi cikin akwatin Link, na'urar da ke kwaikwayon motsin jirgi alhali tana kafe a ƙasa. Wanda ya tsallake sai makarantar tuƙi ta farko, wadda ƙungiyoyin tuƙi na farar hula suke gudanarwa: mako takwas, sa'o'i kusan 50 a sama, cikin ƙananan jirage irin su Tiger Moth da Fleet Finch. Bayan sa'o'i goma ko ƙasa da haka malami yakan sauka ya ce wa ɗalibi ya tashi shi kaɗai. A mataki na gaba ake raba hanya. Wanda za a ba jirgin farauta ya hau Harvard, wanda za a ba mai jefa bom ya hau Anson ko Crane ko Oxford masu inji biyu. Sauran ma'aikatan jirgi, masu duba hanya da masu oba-oba da masu harbi, kowa da tasa makarantar.

A wannan gaggawa ne mutuwa ta sami ƙofa. Ɗalibai 856 suka rasu a haɗarurruka lokacin horo: 469 na rundunar Kanada, 291 na Birtaniya, 65 na Ostireliya, 31 na Niyu Zilan. Malaman da suka mutu tare da su ba sa cikin wannan lissafi.

Abin da ya kashe su ba wani abin mamaki ba ne. Harvard jirgi ne mai ƙarfin doki 600, ya ninka Tiger Moth fiye da sau huɗu, kuma ba ya yafe kuskure: idan ɗalibi ya bari gudu ya ragu yayin da yake karya kwana don sauka, fiffike ɗaya yakan faɗi, jirgin ya shiga juyi, ƙasa kuma tana kusa. Tashin dare ya ci mutane da yawa, domin a ƙauyukan yammacin Kanada duhu ne ƙirin, babu fitilar da za ta nuna wa matuƙi ina sama ta ƙare ƙasa ta fara, kuma sabon shiga ya fi yarda da abin da jikinsa ke gaya masa a kan abin da allon na'urori ke nunawa. Ga dusar ƙanƙara da ke rufe ido cikin 'yan mintoci. Ga cunkoso, jirage da dama suna zagaya fili ɗaya, yawancin ƙananan ba su da rediyo, sai da fitila ake ba su umarni.

Sai kuma ƙuruciya, wadda a ganina ita ce babbar masifar. Yara ne 'yan shekara 18 zuwa 20 da 'yan kai, an danƙa musu inji mai gudu. Tuƙi ƙasa-ƙasa haramun ne a doka, amma hakan bai hana a shawagi kan gidan budurwa ba, ko a bi jirgin ƙasa, ko a kutsa ƙarƙashin gada, har wayar lantarki ko bishiya ta tare hanya. Malaman su ma ba su fi ɗalibansu da yawa ba. Rukunin matuƙa na farko da aka yaye a 1940, mafi yawansu ba a tura su fagen daga ba, aka mai da su malamai. Wanda ya sami bajonsa jiya shi ke koyarwa yau, yana jin haushin an hana shi yaƙi, wani lokacin shi ne ma mai nuna bajintar da ke hallaka su biyun. Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe, sai dai a 1940 ba wanda yake da halin jira.

Wasu haɗarurrukan sun bar tarihi. Ranar 13 ga Disamba 1940 jirage biyu ƙirar Nomad daga sansanin Borden suka yi karo cikin guguwar dusar ƙanƙara a kan Tafkin Muskoka, suna neman wani ɗalibi da ya ɓace da jirginsa. Mutum huɗu suka mutu, kuma sai a 2010 aka gano ɗaya daga cikin jiragen biyu a ƙasan tafkin. Ranar 10 ga Nuwamba 1941 wani ƙaramin jirgi daga makarantar oba-oba ta Calgary ya faɗi kusa da wata makarantar ƙauye ya kama da wuta. Ɗalibin da ke ciki, Karl Gravell, ɗan shekara 19, ya fito da munanan raunuka, tufafinsa na ci, amma ya koma don ya ciro matuƙin. Malamar makarantar, Frances Walsh, ita ta janye shi ta kashe wutar jikinsa. Bai rayu ba. An ba shi lambar George Cross bayan rasuwarsa, ita kuma George Medal.

Hukuma ta koyi darasi, ko da yake da tsada. An ƙarfafa binciken haɗari, an tsawaita makonnin makarantar tuƙi ta biyu daga 10 zuwa 16, an ƙara sa'o'in tuƙi da na'ura, mai tuƙi ƙasa-ƙasa kuma yana iya fuskantar kotun soja. A shekarar farko ana samun haɗarin mutuwa ɗaya a kowace sa'a 11,000 ta tashi. Kafin a rufe shirin sai an haura sa'a 22,000 ake samun ɗaya. Tsari da horo ne suka rage mutuwar da rabi, wanda ke nuna cewa da yawa daga mutuwar farko ana iya kauce mata.

An rufe shirin ranar 31 ga Maris 1945, bayan ya yaye ma'aikatan jirgi 131,553, kusan 50,000 daga cikinsu matuƙa. Sun bazu a fagagen yaƙi daga Turai zuwa Bama, har da hanyar da ake kai jirage daga Takoradi a bi ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Filaye da yawa sun koma gona ko filin jirgin gari, amma har yau ana horar da matuƙan soja a Moose Jaw, kuma akwai gidan tarihin shirin a Brandon. Wani Anson da ya tashi daga Patricia Bay ranar 30 ga Oktoba 1942 bai dawo ba, sai a 2013 ma'aikatan wani kamfanin katako suka ci karo da tarkacensa a dajin Tsibirin Vancouver. An binne mutum huɗun da ke cikinsa, uku 'yan rundunar Birtaniya da ɗaya ɗan Kanada, a birnin Victoria a watan Nuwambar 2014.