Gyara da La'ada: Daga Fataken Illo Zuwa Katin Bashi

A kasuwar Hausa, idan mai saye ya biya kuɗin mudu, mai awo kan ƙara masa ɗan tafi a kai. Sunan wannan ƙari gyara. Bankunan zamani ma suna da tasu gyarar: makin da ake tarawa, ko rangwamen tikitin jirgi, ko ɗan kason da ake mayar wa wanda ya yi sayayya da katin bashi. Abin da ya kamata a sani shi ne aljihun da gyarar take fitowa, kuma tarihin fatauci a yankin Bagudo na Jihar Kebbi ya daɗe da ba da amsa.

A ƙarni na 19, garin Illo, wanda yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, zango ne a kan hanyar Gwanja. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu har Salaga, inda ake sayen goron ƙasar Asante. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro bayan watanni. Kowane mataki na tafiyar yana da kuɗinsa: kuɗin fito a bakin kogi, da abin da ake bai wa sarakunan da aka ratsa ƙasarsu, da haƙƙin madugu.

Kuɗin zamanin wuri ne, mai nauyin ɗauka, mai wuyar ƙirga, don haka ciniki mai yawa a kan amana yake gudana. A nan ne fatoma, wato mai masaukin baƙi, ya zama ginshiƙi. Yakan sauki falke a gidansa, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma ya tsaya wa mai saye idan bashi za a bayar. Ba ya neman kuɗin ɗaki ko na tuwo. Ribarsa tana cikin la'adar da ake cirewa daga cinikin. Falke mai wayo ya san cewa tuwon da ya ci jiya yana cikin lissafin yau, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Turawa sun yanka wannan hanya biyu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Illo a hannun Ingila, ƙasar da ke yamma da shi kuma ta faɗa Dahomey, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Benin. Kuɗi ma ya rabu: sefa ta fito a 1945, naira a 1973. Tun daga nan mai ciniki tsakanin Tsamiya da Segbana ya samu ƙarin abin biya, wato ribar ɗan canji.

A can Amurka kuwa, an sake gina aikin fatoma da sabon suna. A 1950 kamfanin Diners Club ya fito da kati a birnin New York: mutum ya ci abinci ya sa hannu, kamfani ya biya mai gidan abincin bayan ya cire kusan kashi 7 cikin ɗari, sannan ya karɓi kuɗinsa a ƙarshen wata. A 1958 Bank of America ya fito da BankAmericard, wanda ya koma Visa a 1976, kuma shi ya yaɗa tsarin jinkirta biya a kan kuɗin ruwa. Gyarar ta biyo baya: kamfanin jiragen American Airlines ya fara bai wa fasinjoji maki a 1981, katin Discover kuma ya shahara da mayar da wani kaso na kuɗin sayayya daga tsakiyar shekarun 1980.

Wannan gyara daga kafofi uku take fitowa. Ta farko la'adar da ake cire wa mai shago a kowane ciniki, wadda shi kuma yake ɗorawa a kan farashin kaya. Ta biyu kuɗin shekara da mai kati yake biya. Ta uku, wadda ta fi tsoka, kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Turai ta nuna alaƙar la'ada da gyara a fili: da Tarayyar Turai ta ƙayyade la'adar katin bashi a kashi 0.3 cikin ɗari a 2015, sai bankuna da dama suka rage garaɓasarsu. A Amurka, inda ladan ya fi yawa, kuɗin ruwan katin ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wanda aka mayar wa kashi 2 cikin ɗari, idan ya bar bashin ya yi wata biyu, ruwan ya cinye ladan har ya taɓa uwar kuɗi.

A Najeriya akasarin katunan da ke hannun jama'a na cirar kuɗin da mutum ya ajiye ne. Katin bashi ya fi yawa a wurin ma'aikata masu albashi da manyan 'yan kasuwa. Amma caji bai bar kowa ba. Tsarin rage amfani da tsabar kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya fara a Legas a 2012, da ƙarancin naira na farkon 2023, sun mayar da mai POS sabon ɗan fito, wanda sai an biya shi ake ƙetarawa daga asusu zuwa tsaba. Wanda ya yi amfani da katin naira a ƙetaren iyaka kuma, farashin canjin bankinsa ne zai hau kansa, ba na kasuwar da yake tsaye a ciki ba.

Ƙa'idojin cin moriyar katin ba su bambanta da na falke ba. A biya bashin gaba ɗaya kafin ranar da aka yanke, domin a cikin wannan wa'adi ne babu ruwa. A guji cirar tsabar kuɗi da katin bashi, saboda galibi ruwansa daga ranar yake fara hawa. A auna kuɗin shekara da ladan da sayayyar yau da kullum za ta kawo, kada a ƙirƙiro sayayya don neman maki. Ga Musulmi akwai ƙarin batun riba, wanda malamai da dama suke ganin ya shafi sa hannu a kan sharaɗin ruwan tun farko, shi ya sa wasu suke tsayawa a katin cirar kuɗi ko su nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Fataken da suka bi ta Illo sun ci bashi, sun kuma bayar, amma waɗanda suka komo Kano da riba su ne suka ƙirga fito da la'ada tun kafin su ɗaura wa jaki kaya.