Jirgin Kaduna da ƙanensa da ba a haifa ba

Ranar wata Talata ina darasin tarihi da ƴan aji shida, muna kan 3 ga Agusta 1960, sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu. Ya ce: "Mushe, tunda sojan Faransa sun tafi, na Amurka ma sun bar Agadas, yaushe za mu ƙera namu jirgin yaƙi?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin tambayar da manya ke yi ce a majalisun shayi na Maraɗi tun daga 2023, shi dai ya fito da ita fili ne kawai. Na ce masa ya bari sai na yi shiri. Abin da na tattara ya fi ƙarfin darasin minti talatin, shi ya sa na kawo shi nan.

Jiragen faɗa da Nijar ta mallaka sayo su aka yi: Su-25 guda biyu daga Yukren a 2013, sai marasa matuƙi samfurin Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022. Wannan ba abin kunya ba ne, yawancin ƙasashen duniya haka suke. Amma wanda ke son sanin abin da ƙera jirgi ke nufi ba sai ya tafi nesa ba. Ya shiga mota ta Ɗan Issa da Jibiya, ya ratsa Katsina, ya sauka Kaduna. A can ne aka taɓa gwada abin a ƙasar Hausa.

Jirgi ya daɗe da sanin wannan yanki. A farkon Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. Mai karatu ya riƙe sunan Helwan ɗin nan, zai sake dawowa. Bayan samun ƴanci, shekarar 1964 ta zo wa Najeriya da abu uku a jere: aka kafa rundunar sojan sama da taimakon Jamus ta Yamma, aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna, aka kuma kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya. Ba a yi shekara huɗu ba yaƙin basasa ya ɓarke. A 1967 gwamnatin Gowon ta nemi jiragen yaƙi wurin Ingila da Amurka, suka noƙe. Tarayyar Sobiyet ce ta kawo MiG-17 a cikin akwatuna zuwa filin jirgi na Kano, Misirawa suka tuƙa da yawa daga cikinsu. Tun a lokacin aka gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Sai dai kuɗin fetur ya zo ya mantar da mutane. Aka shiga kasuwa da aljihu cike: MiG-21 daga Rasha, Alpha Jet daga Jamus, sannan Jaguar guda 18 daga Ingila a 1984. Waɗannan Jaguar ba su yi shekara goma suna tashi ba aka ajiye su, saboda kuɗin kula da su ya gagara. Farashin mai ya faɗi, Babangida ya shigo da tsarin SAP a 1986, naira ta karye. Mu nan Maraɗi mun ga wannan karyewa da idonmu, lokacin da jaka ɗaya ta sefa ta fara sayen abin da ba ta saye a da a kasuwar Jibiya.

Cikin wannan ƙunci aka haifi Air Beetle. Rundunar na bukatar ƙaramin jirgin koyo da zai maye gurbin Bulldog na Ingila da ya tsufa. Wani kamfani mai suna AIEP a Kaduna, wanda daga baya aka sani da Dornier Aviation Nigeria AIEP (ana taƙaita shi DANA, kuma ba shi ne kamfanin Dana Air na fasinja ba), ya ɗauko ƙirar wani jirgin Amurka mai suna RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon. Jirgi ne da masu sha'awa ke saye sassa-sassa su haɗa a garejin gidajensu. Kujera biyu ce kafaɗa da kafaɗa, ta malami da ta ɗalibi, inji kuma Lycoming mai ƙarfin doki 180. Na gwaji ya tashi a 1989. Rundunar ta yi odar guda 60, aka haɗa su a Kaduna, suka shiga aiki a tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da Turai ta ƙaƙaba wa gwamnatin Abacha takunkumin makamai bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995.

Akwai masu rena wannan aiki. Suna cewa ai haɗawa aka yi ba ƙerawa ba, kamar yadda aka riƙa haɗa Fijo 504 a wannan gari tun 1975. Gaskiya ne, kuma ba jirgin yaƙi ba ne ma, na koyo ne. Amma ni ban rena shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaniki ya san bambancin mai kallo da wanda ya kwance inji ya mayar. Fiffiken jirgi irin wannan dubban ƙusoshin haɗi ke riƙe da shi, kowace da ma'auninta, kowace sai mai duba ya sa hannu. Samari sun koyi karanta zanen injiniya, sun koyi auna nauyi da daidaita shi, sun koyi cewa kuskuren da za a yafe wa mota ba a yafe wa jirgi. Matuƙan sojan Najeriya da dama kuma a kansa suka fara barin ƙasa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. Sittin ɗin nan su ne ayarin farko, su ne kuma na ƙarshe. Kamfanin ya ci gaba da gyaran jirage da bayar da haya, Air Beetle kuwa ya yi ta tsufa. Inji daga waje, falankin alminiyam daga waje, agogunan gaban matuƙi daga waje, duk da dala. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ba a gama ta ba, ta alminiyam a Ikot Abasi ta fara aiki a 1997 ta tsaya a 1999. Mai saye ɗaya ne tak, shi ma ya sayi abin da zai ishe shi shekaru ya rufe littafi. Gwanin da ba a ba shi aiki ba kuwa, ko ya canza sana'a ko ya canza ƙasa.

Da lokacin maye gurbin jirgin ya yi, a Oktoba 2016, Najeriya ta sa hannu kan sayen Super Mushshak guda 10 daga Pakistan. A nan labarin ya fi yi mini ciwo, domin asalin Mushshak da na Air Beetle kusan ɗaya ne. Jirgin Suwidin ne na kamfanin Saab, sunansa MFI-17. Pakistan ta fara da haɗa shi daga akwatuna a shekarun 1970, kamar dai Kaduna. Bambancin shi ne ba ta tsaya nan ba. A farkon shekarun 1980 ta karɓi haƙƙin ƙera shi gaba ɗaya a masana'antarta ta Kamra. Matuƙa suka yi ta amfani da shi suna kawo ƙorafi, injiniyoyi suna rubutawa. A shekarun 1990 aka cire injin mai ƙarfin doki 200 aka sa mai 260, daga baya aka sa allunan kwamfuta a gaban matuƙi. Shi ne Super Mushshak, wanda Saudiyya, Oman, Katar da Turkiyya suka saya. Wato ƙasa biyu sun fara da abu iri ɗaya, ɗaya ta haifi ƙane ga jirginta, ta sayar wa ɗayar.

Kamra kanta da gyara ta fara. A shekarun 1970 aikinta kwance jiragen F-6 na Sin ne a sabunta su, sannan Mirage na Faransa. Jirgin yaƙi na kanta ya zo ne ta hanyar wulaƙanci. A 1990 Amurka ta sa wa Pakistan takunkumi saboda shirin nukiliya, ta riƙe F-16 guda 28 da aka riga aka biya kuɗinsu. Pakistan ta juya ga Sin. Aka ƙulla yarjejeniya a 1999, jirgin gwaji ya tashi a Chengdu a Agusta 2003, aka sa masa suna JF-17 Thunder. Na farko da aka haɗa a Kamra ya fito a Nuwamba 2009.

Ku duba yadda aka bi da shi. Rukunin farko, Block 1, guda 50 ne, kuma ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka jera shi da na Turai. Ba a jira sai ya zama cikakke ba, aka sa shi aiki. A ƙarshen 2013 aka fara Block 2, wanda ke iya shan mai a sama kuma na'urorinsa sun fi kyau. A Disamba 2019 Block 3 ya tashi. Babban abin da ya bambanta shi rada ce. Tsohuwar rada faranti ne da ke juyawa kamar mai waige, sai ya fuskanci abu yake ganinsa. Sabuwar ɗaruruwan ƙananan idanu ne a tsaye cak, lantarki ke karkatar da haskensu cikin ƙiftawar ido, don haka tana bin jirage da yawa a lokaci guda kuma da wuya a ruɗe ta. An ƙara masa hular matuƙi mai nuna bayanai a gaban ido da makamai masu cin dogon zango. Najeriya ta karɓi guda uku na Block 2 a 2021, aka ƙaddamar da su a Makurɗi cikin watan Mayu.

Kada a ce na zuzuta Pakistan fiye da kima. Kashi 58 cikin ɗari na gangar jikin jirgin take yi, sauran daga Sin. Injin kuwa, RD-93, na Rasha ne. Ranar da Mosko ta ce a'a, Kamra za ta ji a jikinta. Inji shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma ƙasashen da ke iya ƙera na jirgin yaƙi tun daga tushe ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Masar ta gwada tsallake duk waɗannan matakai. Jamal Abdul Nasir ya ɗauko Willy Messerschmitt, Bajamushen da ya zana jiragen yaƙin Hitler, ya kafa aiki a Helwan ɗin nan da na ambata. Jirgin HA-300 ya tashi a Maris 1964, matuƙin gwajin ma Ba'indiye ne. Yaƙin 1967 ya cinye kuɗin, Sobiyet ta miƙo MiG a shirye, aka rufe aikin a 1969. Ɗaya daga cikin jiragen gwajin yana gidan tarihi kusa da Munich a yau.

Kaduna dai ba ta mutu ba. A 2008 aka ɗaga makarantar fasaha ta sojan sama ta zama AFIT, aka riƙa tura jami'ai Jami'ar Cranfield a Ingila. Suka koma ga jirage marasa matuƙi, inda kuɗin bai kai na jet ba kuma faɗuwa ba ta cin rai. A Disamba 2013 Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma. A 15 ga Fabrairu 2018 Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda aka yi tare da kamfanin UAVision na Fotugal. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san Hausa, don aikin jiragen ke nan, su leƙo su kai rahoto. Abin da ya fi sunan muhimmanci a wurina shi ne wannan karon an samu wa da ƙane, na biyu ya gyara kurakuran na farko. Amma da yaƙi ya matsa a arewa maso gabas da dazukan Zamfara, kasuwar Sin da ta Turkiyya aka sake nufa. Ban ga laifin hafsan da ke da gawarwaki a gabansa ba idan ya ce ba zai jira ɗalibai su gama gwaji ba. Laifin na wanda bai ware ɗan abin da zai riƙe masu gwajin ba ne, tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dawo gida. Na san wani maƙeri a cikin garin nan da ke haɗa injin niƙa da na matsar man gyaɗa. Motar injin daga waje take zuwa, gangar jiki shi ke yanka ƙarfe ya walda. Na bana ya fi na shekara biyar da suka wuce nesa ba kusa ba, kuma ba littafi ya karanta ba. Matan da suka saya ne ke dawowa su ce nan yana toshewa, nan yana zubar da gari, shi kuma ya gyara a na gaba. Manoman fadamar Jiratawa haka suke yi da masu gyara musu famfon ban ruwa. Abin da Kamra ta yi ke nan da kuɗin gwamnati da haƙurin shekara arba'in. Muna da Lise Teknik Ɗan Kasawa, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, yara na fitowa da takardu kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu kabu-kabu suke yi.

Maƙerin nan ya yi zaman dole bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka kuma Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana. Har zuwa ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, injin waldarsa ya fi kwana a kashe, sai abin da janareta ya iya ɗauka. Wannan na faɗa wa yaron da ya yi tambaya, da na koma aji ranar Alhamis. Na zana masa Air Beetle da Mushshak a allo, na rubuta shekarun kowanne a ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko mutanen da suka haɗa na Kaduna suna nan da rai.