Totur mai saurin ɗauka: dalilansa da yadda ake bi da shi

Mai karatu, in kana tuƙi ko kana koyon tuƙi, ka san abin da ake takawa da ƙafar dama domin mota ta ƙara gudu. Shi ne totur. A mota mai lafiya, in ka taka kaɗan, inji ya ƙara ƙarfi kaɗan. Amma akwai motar da ko taɓa totur ɗinta ka yi sai ta zabura. Irin wannan mota haɗari ce, musamman a cikin tasha, ko bakin kasuwa, ko cikin gari inda yara da amalanke da 'yan kabu-kabu ke gittawa.

A gundumomin Magarya da Dungas lamarin ya fi tsanani. In ka bar kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Bande ta zo Magarya, yawancin hanyoyin ƙauyuka rairayi ne ko jar ƙasa mai gargada. A cikin rairayi, totur mai yawa ba ya fid da mota. Tayoyi ne za su yi ta juyawa wuri ɗaya suna haƙa rami, har cikin motar ya zauna a ƙasa.

Yadda totur yake aiki

Inji mai shan fetur yana buƙatar iska. A bakin hanyar da iska ke shiga akwai wani ɗan murfi mai juyawa. In ka taka totur, murfin ya buɗe, iska da mai su ƙaru, inji ya ƙara gudu. In ka ɗaga ƙafa, sifirin ya mayar da shi. A tsofaffin motoci, kamar Peugeot 504, waya ce ta ƙarfe take haɗa totur da murfin. A motocin baya-bayan nan babu wannan waya. Wata 'yar na'ura ce ke auna yadda ka taka, ta aika wa kwamfutar mota, ita kuma ta buɗe murfin.

Daga ina matsalar take?

In motarka mai waya ce, fara da wayar. Ya kamata totur ya ɗan motsa kaɗan kafin waya ta fara ja. In an ɗaure ta tamau, wannan 'yar rata ta ɓace, kuma ko numfashin ƙafa ya isa ya tayar da inji. Wani lokaci wayar ce ta tsattsage a cikin kubenta, ko sifirin ya yi sanyi.

Sai ƙura, wadda a ƙasarmu ita ce babbar mai laifi. Ƙurar hunturu takan haɗu da tururin mai ta zama baƙin dauɗa a gefen murfin. Sai murfin ya liƙe. Ka taka, ba ya motsi. Ka ƙara takawa, sai ya saki gaba ɗaya, mota ta yi tsalle. Direba yakan ce totur ya yi zafi, alhali datti ne kawai. Maganinsa wankewa, da sauya matatar iska a kan lokaci. Wasu sukan cire matatar su jefar in ta toshe. Wannan ganganci ne, domin rairayin da ya shiga inji cinye shi yake yi.

A mota mai kwamfuta, wani lokaci haka kamfani ya tsara ta, ba lalacewa ba ce. Duba ko akwai maɓalli da aka rubuta wa SPORT ko PWR. In yana kunne, kashe shi. In akwai ECO, kunna shi, totur zai yi laushi. Amma in fitilar inji ta kama a gabanka, ko gudun inji yana hawa yana sauka alhali mota na tsaye, sai a kai ta wurin makanikin da ke da na'urar karanta kwamfuta. Kada a bar mai gyaran kabireta ya yi mata lalube.

Ƙafarka da abin da ke ƙarƙashinta

Kafin ka zargi mota, dubi zamanka. Dunduniyarka ta zauna a ƙasa, tafin ƙafa ne kawai zai riƙa motsi. Mai rataye ƙafa a sama ba ya iya auna takunsa. Matso da kujera yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. A kan gargada, jingina gefen ƙafarka da jikin mota, don kada kowane rami ya sa ka taka ba da niyya ba. Kada ka yi tuƙi da silifa, kuma ka tattare bakin riga.

Abin shimfiɗa na ƙasan mota kuwa ya taɓa kashe mutane. A watan Agusta na 2009, a kusa da birnin San Diego na Amurka, totur ɗin wata mota Lexus ya maƙale a jikin shimfiɗar roba da ba tata ba, mutum huɗu suka rasu. Bayan haka kamfanin Toyota ya kira miliyoyin motoci domin gyara a 2009 da 2010, wasu saboda shimfiɗa, wasu saboda totur da ba ya dawowa da sauri. A 2011 binciken gwamnatin Amurka bai gano laifin kwamfuta ba. Ya nuna shimfiɗa, da totur mai liƙewa, da direbobin da suka taka totur suna zaton birki ne. To, ka tuna yadda muke yanka guntun kafet mu ɗora a kan wani, ko mu ajiye gorar ruwa a ƙarƙashin kujera. Shimfiɗa ɗaya ta isa, a ɗaure ta, kuma kada wani abu mai gangarawa ya zauna wajen ƙafar direba.

In totur ya maƙale kana cikin tafiya

Kada ka sunkuya don ka janyo shi da hannu. Taka birki da ƙarfi, ka riƙe. Kada ka yi ta takawa kana saki, domin taimakon da birki ke samu daga inji zai ƙare, birkin ya yi tauri. Taka kuloci ka fid da giya. In motar atomatik ce, mayar da ita kan harafin N. Inji zai yi kururuwa, ka ƙyale shi, ƙarfinsa ba ya isa ga tayoyi. Ka gangara gefen hanya ka tsaya, sannan ka kashe.

In giya ta ƙi fita, murɗa makulli baya mataki ɗaya kawai. Kada ka zare shi, sitiyari zai kulle. A motar da ake tayarwa da maɓalli, danna ka riƙe kamar daƙiƙa 3. Ka sani, da inji ya mutu, sitiyari da birki za su yi nauyi.

Motar da ta yi haka sau ɗaya, kada a ɗauki fasinja da ita sai an duba ta. Ka gaya wa makaniki ko da sanyin safiya take yi ko sai inji ya yi zafi, da kuma gyaran ƙarshe da aka yi mata. In ya gama, kafin a tayar da inji, taka totur har ƙasa ka saki sau uku, ka ga ko yana dawowa da kansa.