Iyo a gaɓar Zanzibar: Abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya shiga teku

Tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, waɗanda manyansu su ne Unguja da Pemba, na cikin wuraren da 'yan kasuwa da ma'aikata ke zuwa hutu da iyalansu. Farin yashi da ruwa garai-garai kan sa baƙo ya ɗauka wurin wasa ne kawai. Sai dai wanda ya koyi iyo a kogi ko tafki bai san halin teku ba, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Tumbatsa da janyewar teku

A Zanzibar teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, da tazarar kimanin awa 6 tsakanin cika da janyewa. Jan da wata ke yi wa ruwan duniya ne babban dalili, shi ya sa bambancin ya fi girma a lokacin sabon wata da tsakiyar wata. A gabashin Unguja, kamar Paje da Jambiani da Matemwe, ruwa kan ja baya da nisa ƙwarai, har mutane su yi ta tafiya a kan yashi zuwa wajen duwatsun murjani. Haɗarin yana wajen dawowa, domin ruwan kan fara cika kwaruruwan da ke bayan mutum, sai ya waiwaya ya tarar an yanke masa hanya. A Nungwi da Kendwa da ke arewa, janyewar ba ta kai haka ba. Kafin a fita, a tambayi ma'aikatan masauki ko masunta lokacin dawowar ruwa, domin da ɗan gari akan ci gari.

Iska ma tana da lokacinta. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas da ake kira Kaskazi ke kaɗawa. A tsakiyar shekara kuma ta kudu, wato Kusi, ke karɓa, kuma ta fi ƙarfi, musamman a gaɓar gabas.

Igiyar da ke jan mutum cikin teku

Ruwan da raƙuman teku suka turo gaɓa dole ya koma, kuma sau da yawa yakan tattaru ya bi wata siririyar hanya tsakanin tudun yashi ko tsagar murjani. Gudunsa na iya kai mita 2 a daƙiƙa guda, abin da ko gwanin iyo ba zai iya karawa da shi ba. Alamarsa ita ce wani layi mai duhu, kwantacce, a tsakanin wuraren da raƙuman ruwa ke fashewa, kumfa ko ciyawa na bin sa zuwa cikin teku. Kwanciyar nan tasa ce ke yaudarar baƙo.

Wannan igiya ba ta jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa take kai shi. Abin da ke kisa shi ne firgici da gajiyar ƙoƙarin komawa kai tsaye. Wanda ta ɗauka ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya tallafe shi, ya ɗaga hannu ya nemi taimako. In yana da ƙarfi, ya yi iyo gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga layin, sa'annan ya nufi tudu.

Leƙen ƙarƙashin ruwa

Baƙi da yawa kan hau kwalekwale zuwa kewayen tsibirin Mnemba don kallon kifaye da murjani, sanye da tabarau na ruwa, da bututun numfashi a baki, da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa. Wanda bai taɓa yi ba ya fara gwadawa inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ya koyi fesar da ruwan da ya shiga bututun da hurawa ɗaya mai ƙarfi. A sa rigar ceto ko da an iya iyo, a riƙa tafiya biyu-biyu, a riƙa ɗaga kai ana duba kwalekwale, domin farfelar injin haɗari ce ga mai iyo. Kada a yi ta jan numfashi da sauri kafin nutso, hakan kan sa mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma ya tuntuɓi likita kafin tafiya.

Batun sutura ma yana da muhimmanci. Jallabiya da zani da dogon hijabi kan yi nauyi su naɗe ƙafafu idan sun jiƙe. Akwai kayan iyo marasa nauyi da ke rufe jiki duka, kuma suna kare fata daga ƙunar rana, wadda baƙar fata ma ba ta tsira daga gare ta ba.

Halittun da ke cutarwa

Bushiyar teku, mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe, ta yi yawa a wuraren da ruwa ke janyewa, don haka kada a yi tafiya ba takalmi. Akwai kuma kifi mai kama da dutse, wanda dafin ƙayarsa ke da tsananin zafi. Taimakon farko a nan shi ne tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, na minti 30 ko fiye, sa'annan a garzaya asibiti. Idan halittar nan mai yauƙi da ke yawo kamar lema ta yi harbi, a wanke da ruwan teku, ba ruwan sha ba, kuma kada a goga. Yankan murjani kan yi saurin ruɓa, a wanke shi sosai da sabulu.

Idan wani ya nutse

Mai nutsewa ba kasafai yake iya ihu ba, kuma ba kowace gaɓa ce ke da masu ceto ba. Inda akwai tuta, ja na nufin kada a shiga. Yaro ƙarami kada ya wuce inda hannun babba zai kai gare shi, kuma a tsayar da mutum guda takamaimai da zai sa ido, ba waya a hannunsa. Wanda bai koyi ceto ba ya jefa abin da ke tasowa kan ruwa, kamar jarka ko rigar ceto, ya kira jama'a, maimakon ya faɗa su zama biyu. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a fara hura masa iska baki da baki, sa'annan a riƙa danna ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau 2, har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo, matuƙar yana tari ko numfashinsa na sarƙewa, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da matsala bayan wasu awanni.