Waɗanda Ba a Ƙirga Ba: Raunin Kai daga Smolensk zuwa Kutemeshi

A watan Fabrairun 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da cewa 'yan bindiga sun kashe mutum 14 a Kutemeshi, cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Da adadin mamata ake rubuta tarihin wannan daji. Wanda harsashi ko sara ya same shi a ka, ya yi kwanaki a sume sannan ya farfaɗo, barka ake yi masa a rufe lissafinsa, alhali a nan wahalarsa take somawa.

A fagen fama likitoci suka fahimci haka. A watan Maris na 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, an harbi wani matashin sojan Tarayyar Sobiyat, Lev Zasetsky, a gefen hagu na ƙeyarsa, kusa da Smolensk. Ya tashi da ƙafafunsa, amma da ya dubi rubutu sai ya ga haruffan tamkar na baƙon harshe. Ba ya ganin abin da ke damansa. Allura da zare sun gagare shi, yakan kuma ɓata a kusa da gidansu. Duk da haka ya sake koyon rubutu, ya shafe shekara 25 yana rubuta halin da yake ciki, wani lokaci layuka kaɗan a yini guda, har ya tara shafi kusan 3,000.

Likitansa, Aleksandar Luria, ya lura da dalilin wannan naci: raunin bai taɓa gaban ƙwaƙwalwa ba, inda tsara aiki da kame kai suke. Don haka Zasetsky ya san abin da ya rasa, ya kuma yi ta fafutukar dawo da shi.

Idan goshi ne ya samu rauni, labarin daban ne. Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo da sandar ƙarfe ta ratsa kansa a Amurka a 1848, bai rasa magana ba, halinsa ne ya sauya: gajen haƙuri, ashar, shirin da ba ya kaiwa ko'ina. (Ya samu sauƙi daga baya har ya tuƙa keken dawaki a Chile, abin da masu ba da labarinsa kan tsallake.)

Irin na Gage ya fi nauyi ga iyali a ƙauye. Manomi ya dawo da ƙarfinsa, amma ya kasa jera shuka, noman firi da maimai bisa lokacinsu. Ya manta wanda ya biya shi a kasuwa, ya yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tunda tabon ya warke, sai zato ya koma kan iska ko sammu.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa sai a manyan asibitoci irin na Shika, a Zariya, kuma aikinsa yakan ƙare ne da sallama. Shekarun da suka rage, matar gida da uwa ne ke riƙe masa kuɗi, suna tuna masa raka'a nawa ya yi.